Filin Tambaya da Amsa: Umberto Eco, Tsakanin Tarken Adabi da Ƙaga Labari

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun faɗo a kan mutum guda, wato marubucin nan na ƙasar Italiya, Umberto Eco, wanda ake furta sunansa Eko. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. A darasin mazahabobin tarken adabi, malaminmu ya ambaci Umberto Eco cikin manazartan da suka ba mai karatu muhimmanci. Da na faɗa wa wata ƙawata, sai ta ce ai ita ta san shi ne a matsayin marubucin ƙagaggun labarai, har an yi fim da littafinsa. Shin mutum ɗaya ne ko kuwa suna ne ya zo ɗaya? Ina roƙon a ba ni tarihinsa. (Daga wata ɗalibar adabi)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Mutum ɗaya ne, kuma ke da ƙawarki kowace ta riƙe gefe guda na gaskiya, sai dai gefen da kika riƙe shi ne babba a shekaru, domin Eco ya shafe fiye da shekara ashirin yana nazari da tarke kafin ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko.

An haife shi ranar 5 ga Janairun 1932 a garin Alessandria da ke yankin Piemonte, arewa maso yammacin Italiya, lokacin da mulkin kama-karya na Musolini a Italiya ya doshi shekara goma. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a 1942, yana ɗan shekara goma, ya ci gasar rubutun insha'i a kan tambayar ko ya dace mutum ya mutu domin ɗaukakar Musolini da makomar Italiya, kuma amsar da ya bayar ita ce ƙwarai ya dace. A ƙarshen Yulin 1943, da aka tuɓe Musolini, mahaifiyarsa ta aike shi sayen jarida, sai ya tarar da jaridu iri-iri, ya kuma ga sanarwa ɗauke da sa hannun jam'iyyu biyar ko shida, alhali shi a saninsa jam'iyya ɗaya tak ake da ita a ƙasar. Ina ganin wanda yake son fahimtar Eco ya fara daga wannan safiyar, domin a ranar ne yaron ya gane cewa abin da aka buga a takarda yana iya zama ƙarya, kuma ana iya samun wata takardar da ta saɓa masa.

Mahaifinsa, wanda akanta ne, ya so ya zama lauya, amma sai ya zaɓi falsafa a Jami'ar Turin, inda ya kammala a 1954 da kundi a kan ra'ayin Toma Akwinas game da kyau da fasaha. Akwinas shi ne babban malamin tauhidin Katolika na ƙarni na 13. Eco ya shiga wannan nazari yana cikin jagororin ƙungiyar matasan Katolika, ya fito daga cikinsa ya rabu da Coci, amma bai taɓa rabuwa da ƙarnonin tsakiya na Turai ba, da malamansu da littattafansu da irin gardandaminsu. An buga kundin a 1956, shi ne littafinsa na farko.

Ya kamata a san yanayin da ya tarar. A wancan lokacin tarken adabi a Italiya yana ƙarƙashin inuwar Benedetto Croce, wanda ya rasu a 1952, kuma a wurin Croce fasaha wani haske ne da ke faɗo wa zuciyar mawaƙi, aikin mai tarke kuwa shi ne ya tsame wuraren da waƙa ta gaskiya take, ya ware su daga sauran zance. Malamin Eco, Luigi Pareyson, ya saɓa wa wannan, yana kallon fasaha a matsayin ƙira, abin da ake yi da hannu da dabara, ana gwadawa ana gyarawa. Eco ya ɗauki wannan ɗabi'a ta kallon littafi kamar yadda maƙeri ke kallon aikin wani maƙerin, yana tambayar yadda aka haɗa shi da abin da ya sa yake aiki.

Daga jami'a ya shiga gidan rediyo da talabijin na ƙasa, RAI, a birnin Milan, a daidai shekarar da talabijin ta fara watsa shirye-shirye a kai a kai a Italiya. A 1959 ya koma kamfanin ɗab'i na Bompiani a matsayin edita, ya daɗe a can har zuwa 1975. Wannan zama a talabijin ne ya sa shi yin abin da manyan malamai suke ganin zubar da girma ne, wato nazarin abubuwan nishaɗin talakawa da irin natsuwar da ake nazarin Dante, babban mawaƙin Italiya. A 1961 ya rubuta maƙala a kan Mike Bongiorno, wani shahararren mai gabatar da shirin kacici-kacici, inda ya nuna cewa asirin farin jinin mutumin shi ne bai fi mai kallo da komai ba, don haka babu wanda yake jin ƙasƙanci a gabansa. A littafinsa na 1964, Apocalittici e integrati, ya raba masana gida biyu: masu ganin talabijin da littattafan zane alamar tashin duniya ce, da masu rungumar duk abin da ya zo ba tare da tambaya ba. Bai shiga ko ɗaya ba. Ya zauna ya warware labaran Superman, daga baya kuma na James Bond, ya nuna yadda aka ɗinka su da abin da suke cusa wa mai karatu.

A 1971 ya fara koyarwa a Jami'ar Bolonya, a 1975 kuma ya zama farfesan ilimin alamomi a can, shekarar da ya fitar da babban littafinsa a kan fannin. Ma'anar da ya ba wannan ilimi ta shahara saboda ba a saba jin irinta daga bakin farfesa ba: ya ce fanni ne da ke nazarin duk abin da za a iya yin ƙarya da shi. Hujjarsa ita ce alama tana tsayawa ne a madadin wani abu, ko abin yana nan ko ba ya nan, don haka abin da ba zai iya yin ƙarya ba, gaskiya ma ba zai iya faɗa ba. Tunda ke ɗaliba ce, bari in ƙara miki cewa a 1977 ya rubuta ɗan littafi na koya wa ɗalibai yadda ake rubuta kundin digiri, daga zaɓen batu har tsara katunan bayanai, kuma har yau ana buga shi. Sai a 1980, yana da shekara 48, ya fitar da labarin da ƙawarki ta sani.

TAMBAYA: Malam, ni malamin adabi ne a sakandare. Wani abokin aikina yana yawan cewa tun da Eco ya rubuta cewa aikin adabi buɗaɗɗe ne, to duk ma'anar da ɗalibi ya ba waƙa daidai ce, ba mu da ikon ce masa ya yi kuskure. Ni abin bai kwanta mini ba. Da gaske haka Eco ya ce? (Daga wani malamin makaranta)

AMSA: Malam, abin da bai kwanta maka ba, shi ma Eco bai kwanta masa ba, har ma ana iya cewa ya ƙarar da rabin rayuwarsa ta ilimi yana gyara wannan fahimta. Abokin aikinka ya ji farkon zancen ne, bai jira ƙarshensa ba.

Littafin da yake nufi shi ne Opera aperta, wato buɗaɗɗen aiki, na 1962. Abin da ya ja hankalin Eco a lokacin shi ne wasu sababbin ayyukan fasaha da mai su yake barin su da gangan ba a kulle ba. Misalin da ya kawo tun a shafukan farko shi ne wani kiɗan piyano na Bajamushe Stockhausen, wanda aka rubuta a faffaɗar takarda guda, gutsure-gutsure, aka bar wa makaɗi ya zaɓi wanda zai fara da shi da wanda zai bi baya, ta yadda duk ranar da aka kaɗa shi sai ya fito da wata kama. Ya kuma yi dogon nazari a kan James Joyce, marubucin Ailan da yake cusa ma'anoni da yawa cikin kalma ɗaya. Abin lura shi ne gutsuren nan mawaƙin ne ya rubuta su, makaɗi yana da zaɓi a cikinsu, amma ba shi da ikon kawo nasa daga waje.

A Lector in fabula na 1979 ya kwatanta matani da malalaciyar na'ura, wadda ba ta yin aiki sai mai karatu ya sa hannu. Idan labari ya ce mutum ya fita daga gida, a jimla ta gaba kuma ya ce ya isa tasha, mai karatu ne yake cike tafiyar da ke tsakani, ba tare da an ce masa ya yi ba. Sai dai matanin ne yake nuna irin cikon da zai karɓa, kuma kowane littafi yana ƙera wa kansa irin mai karatun da yake bukata.

Da ya ga wasu manazarta, musamman a jami'o'in Amurka, sun kai maganar inda ba ta da linzami, sai ya fitar da I limiti dell'interpretazione a 1990, wato iyakokin tawili, ya kuma gabatar da laccoci a Kambirij a shekarar, inda ya yi muhawara da masanin falsafa Richard Rorty da mai tarke Jonathan Culler. A nan ya bambanta nufi uku: nufin marubuci, da nufin mai karatu, da nufin matani. Na marubuci sau da yawa ba a iya kaiwa gare shi, kuma ko marubucin yana raye ba lalle ne ya san duk abin da alƙalaminsa ya zubar ba. Na mai karatu ba shi da iyaka, tunda kowa da abin da ke ransa. Na matani shi ne ake iya kafa hujja a kansa, kuma ma'aunin da Eco ya aro daga Agustin, malamin Kirista na ƙarni na 5, mai sauƙi ne: ana karɓar fassarar wani sashe idan wani sashen na matanin ya ƙarfafa ta, ana yar da ita idan ya ƙaryata ta.

Akwai wata tsohuwar hikaya da ya buɗe littafin nan na iyakokin tawili da ita, wadda wani malamin Ingila, John Wilkins, ya kawo a 1641. An aiki wani bawa da kwandon ɓaure da wasiƙa, ya ci wani abu daga ɓauren a hanya, wasiƙar ta tona shi saboda an rubuta adadin a ciki. Da aka sake aikensa, sai ya ɓoye wasiƙar a ƙarƙashin dutse kafin ya ci, don kada ta gan shi, amma duk da haka ta sake tona shi. Eco ya ce a ɗauka wasiƙar nan ta ɓata, wani ya tsince ta bayan shekaru masu yawa, bai san wanda ya rubuta ba, bai san wanda aka rubuta wa ba. Yana iya zaton ɓauren habaici ne, ko kalmar sirri ce ta sojoji, ko ishara ce ta masoya, kuma kowane zato yana da ƙofar shiga. Abin da ba zai iya cewa ba shi ne wasiƙar tana sanar da mutuwar Napoliyon, sarkin Faransa. Wato ba kullum ake iya nuna fassarar da ta fi kowace ba, amma ana iya nuna wadda ba ta da tushe.

Saboda haka, Malam, idan ɗalibi ya zo maka da ma'anar da ba ka taɓa ji ba, kada ka kore ta don baƙuwa ce, ka ce ya nuna maka baitin da ya dogara da shi, sannan ka duba ko sauran baitocin sun yarda. Idan kuwa ya ce shi dai haka waƙar ta sa shi ji, to wannan abin da Eco ya kira amfani da matani ne, kuma halal ne mutum ya yi amfani da waƙa ya tuna da abin da ya ga dama, sai dai ba shi ake ba maki a jarrabawar sharhi ba. A nawa ganin Culler ma yana da tasa gaskiyar da ya ce wuce gona da iri a fassara wani lokaci yakan tono abin da mai taka-tsantsan ba zai gani ba, amma wanda zai wuce gona sai ya fara sanin inda iyakarta take.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na kalli fim ɗin da aka yi da littafin Eco na gidan ruhubanawa, na kuma samo fassarar littafin, amma na kasa wuce shafi sittin saboda dogayen bayanai a kan rigingimun Coci. Tunda na riga na san ƙarshen labarin, akwai amfanin in wahalar da kaina? (Daga wani ma'abocin wannan fili)

AMSA: Ɗan'uwa, ba kai ne farkon wanda ya yi wannan kukan ba. Eco ya faɗa a bayanin da ya rubuta kan littafin a 1983 cewa abokansa da editoci sun nemi ya rage shafuka ɗari na farko, ya ƙi, yana mai cewa wanda zai shiga gidan ruhubanawa ya kwana bakwai dole ya karɓi tafiyar gidan, kuma shafukan nan kamar kaffara ce ko hawan dutse kafin a isa ƙofa. (Wanda bai san labarin ba, kuma ba ya son a ɓata masa, yana iya tsallake sakin layi biyu masu zuwa.)

Il nome della rosa, wato sunan furen wardi, labari ne da ya faru a ƙarshen Nuwamban 1327 a wani gidan ruhubanawa na arewacin Italiya, inda ake ta tsintar gawarwaki, wani malami Bature ɗan Ingila mai suna William na Baskerville da almajirinsa Adso suna bin sawu. Fim ɗin 1986, wanda Jean-Jacques Annaud ya shirya, Sean Connery ya fito a matsayin William, ya ba ka kisan da wanda ya yi shi: tsohon makaho Jorge ya shafa guba a shafukan littafin Aristotal, malamin falsafa na tsohuwar Girka, a kan barkwanci, domin duk wanda ya lashi yatsa ya buɗe shafi ya mutu, saboda tsoron da yake yi cewa idan babban malami ya halatta dariya, tsoron Allah zai fita daga zukatan mutane.

Abin da fim bai ba ka sosai ba shi ne cewa William ya kai ga mai laifin ne ta hanyar kuskure. Ya ɗauka kashe-kashen suna bin jerin alamomin tashin duniya da ke littafin Ru'uya ta Yohanna na cikin Baibul, ya gina bincikensa a kan haka, alhali dacewa ce kawai, babu wani tsari. Ya gano gaskiya, amma ɗakin karatun gidan ya ƙone ƙurmus, littafin da ake nema ya tafi. Ka ga ke nan tambayar da malamin makaranta ya yi a sama ita ce jigon labarin: mai karanta alamomi da ya ga tsari inda babu shi. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa Eco bai bar tarke ya koma labari ba, ya ci gaba da tarken ne da wani alƙalami. A labarinsa na biyu, Il pendolo di Foucault na 1988, editoci uku a Milan sun ƙaga wata gagarumar maƙarƙashiya don wasa, suka gina ta a kan wata tsohuwar takarda da wata mace mai hankali ta nuna cewa ƙila jerin kayan ɗan kasuwa ce kawai, sai masu neman asiri suka gaskata, wasan ya ci rayuka.

Shawarata ita ce ka ci gaba, kada ka tsaya fassara kowace jimlar Latin, ka kuma lura da yadda aka gina gidan. Eco ya ce ya yi shekara guda yana zana taswirar wurin da fuskokin ruhubanawan kafin ya shiga rubutu sosai, har yana auna tsawon hira da nisan tafiyar da masu hirar za su yi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Littafin ya ci kyautar Strega, babbar kyautar adabi ta Italiya, a 1981, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 40. Labaransa bakwai ne duka, na ƙarshe Numero zero na 2015, kuma ba zan ɓoye maka ba, a wasunsu ilimin ya danne labarin har mutanen ciki suka koma kamar masu karanto lacca.

TAMBAYA: Malam, ana yawo da wata magana a kafafen sada zumunta cewa Eco ya ce intanet ta ba wawaye bakin magana. Shin ya faɗi haka, ko jingina masa aka yi? (Daga wata ma'abociyar karatu)

AMSA: Ya faɗa, Malama, a watan Yunin 2015, yana zantawa da 'yan jarida bayan Jami'ar Turin ta ba shi digirin girmamawa. Ma'anar maganarsa ita ce kafafen sada zumunta sun ba rundunonin wawaye damar magana, waɗanda a da iyakarsu su yi surutunsu a mashaya a yi musu tsawa su yi shiru, yanzu kuwa muryarsu ta yi daidai da ta wanda ya ci kyautar Nobel. An yi masa ca, ana cewa girman kai ne na malamai, kuma lafazin kam yana da kaushi. Sai dai masu yaɗa maganar sukan yanke sauran, inda ya nemi jaridu su ware shafuka na tantance shafukan intanet, makarantu kuma su koya wa yara kwatanta majiya da majiya. Mutumin da ya kare nazarin littattafan zane a 1964 ba maƙiyin talaka ba ne, damuwarsa ita ce rashin mai tacewa. Ya riga ya nuna a Il cimitero di Praga na 2010 yadda takardar jabu guda, wadda aka ƙaga a kan Yahudawa, ta yi ta yawo ana gaskata ta duk da an tona asirinta.

Shi kansa ɗan jarida ne na tsawon rai. Daga 1985 har zuwa rasuwarsa yana da fili a shafin ƙarshe na mujallar L'Espresso mai suna La bustina di Minerva, sunan da ya samo daga wani ɗan kwalin ashana da mutane kan yi gajeren rubutu a cikin murfinsa. A ƙarshen 2015, da kamfanin Mondadori na iyalan Berlusconi, tsohon firaministan Italiya, ya sayi rukunin da Bompiani ke ciki, Eco ya bar gidan da ya yi fiye da shekara hamsin tare da shi, ya haɗu da Elisabetta Sgarbi, babbar editar Bompiani a lokacin, da wasu marubuta suka kafa sabon kamfanin ɗab'i, La nave di Teseo, don gudun kada harkar littafi ta taru a hannu ɗaya.

Ya rasu a Milan ranar 19 ga Fabrairun 2016, yana da shekara 84, bayan fama da ciwon daji, ya bar matarsa Renate, Bajamushiyar da ya aura a 1962, da 'ya'ya biyu. Littattafansa na zamani, waɗanda suka haura 30,000, an ba Jami'ar Bolonya, tsofaffin na tarihi kuma suna ɗakin karatu na Braidense a Milan. A wasiyyarsa ya roƙi kada a shirya taron ƙara wa juna sani a kansa har sai an shekara goma da rasuwarsa.